Wayar Haske Ko Ta Jan Ƙarfe: Yadda Ake Zaɓa Da Haɗa Wayar Sauti Tsakanin Talabijin Da Amfilifaya

Wanda ya sayo amfilifaya da lasifikokinta, ko kuma doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan talabijin, idan ya juya bayan na'urar yakan tarar da kafofi biyu da aka rubuta wa kalmar Digital a sama, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ɗaya ƙaramar kafa ce mai kusurwa huɗu da 'yar ƙofa ta roba, an rubuta mata Optical, ɗayar kuwa zagayayya ce irin ta wayoyin bidiyo na da, yawanci da launin ruwan lemo a cikinta, an rubuta mata Coaxial. A nan zan riƙa kiran ta farkon kafar haske, ta biyun kuma kafar jan ƙarfe, domin da haske ta farkon take aika saƙonta, ta biyun kuwa da wutar lantarki a cikin silin jan ƙarfe. Abin da mai saye ya saba tambayar mai shago shi ne wacce ta fi fitar da sauti mai daɗi, kuma sau da yawa amsar takan faɗa kan wadda ta fi tsada a kan kanta. Gaskiyar magana ita ce, a falon gida, idan duka biyun suna aiki yadda ya kamata, kunne ba zai bambance su ba, kuma abin da ya dace ya yanke hukunci shi ne kafofin da na'urorinka suke da su, da yanayin wutar gidanka, da hanyar da wayar za ta bi.

Dalilin da ya sa na faɗi haka yana cikin asalin wayoyin. Dukansu biyun tsari ɗaya suke bi wajen aika sauti, wanda ake kira S/PDIF, sunan da aka ciro daga haruffan kamfanonin Sony da Philips, waɗanda su ne kuma suka haɗa hannu suka fito da faifan CD. Kafar haske kamfanin Toshiba na Japan ne ya fito da ita a 1983, shi ya sa ake kiranta TOSLINK, amma bai canja harshen da ake magana da shi ba, sai dai ya canja ɗan aiken. Abin da ke tafiya a cikin kowace waya lambobi ne, sifili da ɗaya, a jere iri ɗaya kuma da sauri iri ɗaya. A wayar haske, wata 'yar fitila ja ce take ƙyaftawa sau miliyoyi a daƙiƙa, hasken ya bi ta cikin zaren roba mai kaurin milimita 1 ya isa ɗaya gefen, inda wani ɗan ido yake karɓarsa ya mayar da shi wuta. A wayar jan ƙarfe kuwa wuta ce 'yar kaɗan, kimanin rabin bolt, take hawa tana sauka. Wasiƙa ɗaya ce, ko a mota ta zo ko a babur, wanda aka aika wa abu ɗaya zai karanta.

Kafin a sayi ko ɗaya

Tun da tsarin ɗaya ne, iyakarsu ma ɗaya ce, kuma wannan iyakar ta fi muhimmanci a kan duk wani bambanci da ke tsakaninsu. An ƙirƙiro S/PDIF ne domin sautin lasifika biyu, dama da hagu, wanda ba a matse ba, wato abin da ake rubutawa PCM. Daga baya aka sami dabarar cusa sautin lasifika biyar da wufa ɗaya (lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri), wanda ake rubutawa 5.1, a cikin wannan hanyar, amma da sharaɗin a matse shi tukuna. Wannan shi ne Dolby Digital, wanda bai wuce kilobit 640 a daƙiƙa, da kuma DTS, wanda yakan kai kimanin megabit 1.5. Daga nan ƙofa ta rufe. Sautin da ba a rage masa komai ba na faifan Blu-ray, irin su Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, ba ya wucewa ta ko ɗaya daga cikinsu, haka ma Dolby Atmos na fina-finan zamani, komai tsadar wayar kuwa.

Saboda haka aikin farko shi ne a duba ko talabijin da amfilifaya suna da kafar HDMI da aka rubuta wa ARC ko eARC. Ta farkon ta zo ne tare da HDMI 1.4 a 2009, ta biyun kuma tare da HDMI 2.1 a 2017, kuma aikinsu shi ne mayar da sautin talabijin zuwa amfilifaya ta cikin wayar HDMI. Idan na'urorin biyu suna da eARC, to, babu dalilin ci gaba da wannan muhawara, a yi amfani da ita, domin ita ce take ɗaukar dukkan manyan nau'o'in sautin nan, kuma tana barin rimot ɗin talabijin ya ƙara ko ya rage ƙarar amfilifaya. Wanda maganarmu ta shafa shi ne mai tsohuwar amfilifaya mai kyau wadda aka ƙera kafin zuwan ARC, ko mai dikoda ko na'urar DVD da yake son ya haɗa kai tsaye, ko wanda ARC ɗin talabijin ɗinsa yake yi masa gardama, yau ya yi gobe ya ƙi, abin da ba baƙo ba ne idan na'urorin ba na kamfani ɗaya ba ne.

Aiki na biyu shi ne ƙidaya kafofi, kuma sau da yawa a nan zaɓin yake ƙarewa. Yawancin talabijin na wannan zamani kafar haske kaɗai suke da ita, yayin da na'urorin DVD da dikodoji da yawa suka fi zuwa da ta jan ƙarfe. Wasu na'urorin ma sun yar da duka biyun, kamar PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda ta HDMI ake kai sautinsu zuwa talabijin ko amfilifaya. A lura kuma da cewa kowace kafa hanya ɗaya take bi, don haka wadda ke jikin talabijin ko dikoda dole ta kasance mai rubutun Out, ta jikin amfilifaya kuma mai rubutun In.

Idan duka biyun suna nan, wutar gida ce alƙali

A nan ne kawai nake ganin akwai bambancin da ya isa a tsaya a kansa. Wayar jan ƙarfe tana da sili a tsakiya da kuma saƙar ƙarfe da ta lulluɓe shi, kuma wannan saƙar tana haɗa jikin na'ura ɗaya da jikin ɗayar. Idan na'urorin biyu suna shan wuta daga soket daban-daban, ko kuma ɗayarsu tana haɗe da wayar dish da ta sauko daga saman rufi, to, akan sami ɗan bambancin wuta tsakanin jikkunansu, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin saƙar. Wannan wutar ba ta taɓa lambobin da ake aikawa, amma tana shiga ɓangaren amfilifayar da ke ƙara ƙarfin sauti, sai a ji wani gurnani mai kauri yana fita daga lasifikoki, musamman daga wufa, wanda ba ya canjawa ko da an canja tasha. Gurnanin yana bin bugun wutar gari ne, wanda a Najeriya da Nijar sau 50 ne a daƙiƙa, ko kuma ninkinsa.

Na ga wannan a falon wani maƙwabcina, wanda ya riga ya yanke cewa wufar da ya saya ce ta lalace, har ya naɗe ta zai mayar. Muka mayar da ita wurinta, muka kashe sautin fim ɗin gaba ɗaya, gurnanin yana nan. Na miƙa hannu bayan dikoda na kwance wayar dish, sai falon ya yi tsit kamar an ɗauke wuta, na mayar da ita gurnanin ya dawo. Da muka cire wayar jan ƙarfen da ke tsakanin dikodar da amfilifaya muka sa ta haske a madadinta, dish yana haɗe, fim yana tafiya, gurnanin bai sake dawowa ba. Zaren roba ba ya ɗaukar wuta, don haka babu ta inda za ta zagaya.

A gidajenmu da yawa wayar ƙasa, wadda ake binne ƙarfenta domin ta kwashe ɓatacciyar wuta, ko dai babu ita ko kuma an yi ta ne don a ce an yi, ga shi kuma wuta tana sauyawa tsakanin ta gari da ta janareta da ta inbata a rana ɗaya. A irin wannan yanayi ni wayar haske nake fara zaɓa. Tana kuma da wata fa'ida lokacin damina, domin idan tsawa ta turo wuta ta wayar dish, ba za ta sami hanyar ƙetarawa zuwa amfilifaya ta cikin roba ba. Sai dai kada a ɗora wa wannan fa'idar nauyin da ya fi ƙarfinta. Idan akwai wata wayar ƙarfe da ta haɗa na'urorin biyu, kamar HDMI ko wayoyin nan ja da fari, to, hanyar wutar tana nan a buɗe, gurnanin ma yana iya zama, kuma soket ɗin bango shi ma ƙofa ce da tsawa take shigowa ta ciki. Wayar haske ba ta maye gurbin gyaran wayar ƙasa a wurin mai aikin lantarki da ya san aikinsa.

Inda jan ƙarfe ya yi gaba

Haske yana raguwa a cikin zaren roba gwargwadon nisan da ya yi, shi ya sa wayar haske ta fi aminci daga mita 5 zuwa ƙasa, kuma idan ta doshi mita 10 sai a fara samun yankewar sauti, musamman idan fitilar na'urar ba ta da ƙarfi. Wayar jan ƙarfe mai kyau takan kai mita 10 ba tare da wata damuwa ba, har ma ta wuce. Ga kuma juriya. Zaren roba ba ya son a lanƙwasa shi lanƙwasa mai kaifi, kuma idan ƙafar kujera ta danne shi ko aka matse shi tsakanin talabijin da bango, yana iya tsagewa daga ciki alhali bayansa lafiya lau. Kan wayar ma ba ya kama kafa da ƙarfi, ɗan ja kaɗan yake fita, ga 'yar ƙofar robar nan da takan karye idan aka tura wayar a karkace. Wanda wayarsa za ta bi ƙarƙashin kafet, ko ta zagaya kusurwar ɗaki, ko kuma yana da yara masu leƙa bayan talabijin, jan ƙarfe ya fi masa kwanciyar hankali. Ƙura ma abin lura ce, domin a lokacin hunturu kafar hasken da aka bari a buɗe takan tara ƙurar da za ta dushe hasken.

Akwai maganganu biyu da masu tsananin son sauti suke yi domin fifita jan ƙarfe, kuma duka biyun suna da tushe, sai dai ba su shafi kallon fim ba sosai. Ta farko ita ce yawan ɗaukar samfurin sauti a daƙiƙa. Kafar haske an fi amincewa da ita har zuwa kilohaz 96, yayin da ta jan ƙarfe takan kai 192 a na'urorin da aka ƙera don haka. Amma faifan CD a kan 44.1 yake, sautin talabijin da na yawancin fina-finai kuma a kan 48, don haka wannan rata ba ta taɓa kowa sai mai tara waƙoƙi masu matuƙar inganci da na'urar saurarensu ta musamman. Ta biyu ita ce rawar lokaci. A tsarin S/PDIF babu wata waya daban da ke ɗauke da agogo, bugun lokacin a cikin lambobin yake, na'urar da ke karɓa ce take tsamo shi, kuma mayar da wuta haske sannan a sake mayar da hasken wuta yana iya sa bugun ya ɗan yi gaba ko baya. Ana iya auna wannan da na'urar gwaji, amma amfilifayoyin zamani suna daidaita lokacin da kansu kafin su mayar da lambobin sauti, kuma idan Dolby Digital ko DTS ake aikawa, sai an tara bayanan an warware matsin tukuna. A ganina, wanda fanka take juyawa a saman kansa yana kallon ƙwallo ba shi da abin damuwa a nan.

A wurin saye

Idan wayar jan ƙarfe ce, abu ɗaya ake nema a jikin kwalinta, wato om 75, domin a kan wannan ma'auni aka gina kafar. Wayoyin sauti ja da fari suna shiga kafar daidai, kuma a gajeren nisa suna iya yin aiki, amma ba a ƙera su a kan wannan ma'auni ba, don haka idan suka yi tsawo sai sauti ya riƙa tsinkewa. Wayar da ta dace kuwa wataƙila tana cikin durowarka tun tuni, domin wayar bidiyo mai kan ruwan ɗorawa da ke zuwa da tsofaffin na'urorin DVD ita ma a kan om 75 aka tsara ta, kuma idan mai kauri ce tana yin wannan aiki sarai. Kada kuma a rikita wannan kafa da ta eriya ko ta dish, waɗanda su ma wayarsu mai sili da saƙa ce amma bakinsu da aikinsu daban.

Idan wayar haske ce, a duba bakinta ya kasance a goge sumul ba tare da ƙarzuwa ba, a ɗauki tsawon da ya isa ba tare da ragowar da za a naɗe ba, sannan a gwada ta a shagon ta hanyar haska fitilar wayar hannu a baki ɗaya a ga hasken ya fito tas a ɗaya bakin. Za a ga masu kai mai ruwan zinariya ana tsawwala musu kuɗi. Ruwan zinariya yana hana tsatsa a inda wuta take ratsawa, don haka yana da ɗan amfani a wayar jan ƙarfe, amma a wayar da haske ne kawai yake wucewa ado ne zalla.

Haɗawa da saitawa

A kashe na'urorin biyu kafin a haɗa wayar jan ƙarfe, a tura kan wayar har ya zauna daram, kuma a tabbata kafar da aka rubuta wa Coaxial aka sa ta, domin idan aka kai ta kafar ja ko fara ta amfilifaya, ko dai a ji shiru ko a ji wani shuu mara daɗi. Ita kuwa wayar haske tana zuwa da wata 'yar hula ta roba a kan kowane baki, ƙarama ƙwarai kuma sau da yawa garai-garai take har ba a lura da ita, kuma mutane da yawa sun karya ƙofar kafarsu wajen tura wayar da hular a kai. A cire hulunan biyu, a dubi siffar bakin, za a ga gefe ɗaya a miƙe yake, ɗaya gefen kuma an sare masa kusurwoyi, a daidaita shi da siffar kafar, a tura a hankali har a ji ɗan ƙas. Idan ta ƙi shiga, juya ta ake yi, ba ƙarfi ake ƙarawa ba. Bayan an sa bakin farko a talabijin an kunna shi, a kara ɗaya bakin a tafin hannu, za a ga ɗigon jan haske, wanda shi ne shaidar cewa kafar tana aiki kuma zaren bai karye ba.

Daga nan sai a zaɓi kafar a jikin amfilifaya, wadda takan fito da suna irin OPT ko COAX, kuma a wasu manyan amfilifayoyi sai an shiga saiti an gaya wa na'urar cewa wannan kafa ta talabijin ce ko ta dikoda. Sannan a shiga saitin sauti na talabijin a mayar da fitar sauti zuwa kafar, a nemo wurin da aka rubuta Digital Audio Out ko makamancinsa. Mafi yawan ƙorafin da ake ɗora wa waya a nan yake ɓuya. Idan aka bar shi a kan PCM, sautin lasifika biyu kawai zai fita, ko da fim ɗin na 5.1 ne, sai mutum ya ga lasifikokin baya sun yi shiru ya ce wayar ce ba ta da kyau. Mai amfilifayar 5.1 sai ya zaɓi Auto ko Bitstream ko Dolby Digital, gwargwadon sunan da talabijin ɗinsa ya ba shi, ya kuma duba fuskar amfilifayar ya ga ta rubuta Dolby Digital lokacin da fim yake tafiya. A tuna cewa ba kowace tasha ce take watsa 5.1 ba, don haka da fim ɗin da aka tabbatar yana da shi ake gwaji, ba da labaran ƙarfe bakwai ba. Akasin haka kuma yana faruwa, wato idan na'urar da ke karɓa ba ta iya warware Dolby ba, kamar ƙananan akwatunan nan da ke mayar da sautin kafar haske zuwa ja da fari domin tsohuwar rediyo, to, dole a bar saitin a kan PCM, in ba haka ba sai shiru ko wata ƙara mai kama da tafasar mai. Wasu talabijin kuma ba sa wuce da DTS sam, kuma maganin wannan shi ne a haɗa na'urar faifan kai tsaye da amfilifaya, a bar talabijin da hoto kawai.

Abubuwa biyu sukan ba sabon mai haɗawa mamaki, kuma babu wanda canja waya yake gyarawa. Rimot ɗin talabijin yawanci ba zai ƙara ko rage ƙara ba, domin waɗannan kafofi suna fitar da sauti a mataki ɗaya tsayayye, sai a koma ga rimot ɗin amfilifaya, ko da yake wasu dogayen lasifikoki suna iya koyon rimot ɗin talabijin. Na biyu shi ne a ga bakin mai magana bai yi daidai da muryarsa ba, wanda yake faruwa saboda hoto da sauti ba lokaci ɗaya suke ɗauka wajen sarrafawa ba, kuma ana gyara shi da saitin jinkirin sauti da ke cikin talabijin ko amfilifaya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana kallon bakin mai karanta labarai har su haɗu.

Idan kuma aka wayi gari talabijin kafar haske kaɗai gare shi, amfilifaya kuma ta jan ƙarfe kaɗai, akwai ɗan akwatin da ke juya ɗaya zuwa ɗayar ba tare da ya taɓa lambobin ba, don haka Dolby Digital da DTS suna wucewa ta cikinsa yadda suka shigo. Yana buƙatar wuta, yawanci bolt 5, kuma wasu daga kafar USB ta talabijin suke sha. A duba alkiblarsa da kyau kafin a biya kuɗi, domin wanda yake karɓar haske ya fitar ta jan ƙarfe daban yake da mai yin akasin haka, sai dai idan an sami irin mai maɓalli a gefe da ke yin duka biyun.